Yadda Ake Yi Idan Tauraro Mai Tsananin Haske Ya Gilma a Samaniyar Kano

Ranar da na fara ganinsa da idona, dare ne na bazara, irin wanda ɗaki ba ya kwantuwa. An ɗauke wuta tun magariba, mun baje tabarmi a tsakar gida a unguwarmu da ke gindin Goron Dutse, ni da ƙanena, Inna kuma tana lazimi a gefe. Kwatsam sai gidan ya haske fayau, har na ga inuwar igiyar shanya a jikin katanga. Ina ɗaga kai sai ga wani dunƙulen haske kore shar ya taso daga wajen Dala, yana jan jela, ya zo tsakiyar sama ya tarwatse gida uku, ya mutu.

"Yaya, ka gani? Ka ga abin nan?" in ji ƙanena, muryarsa na rawa.

Inna ta ce, "A'uzubillahi. Ku tashi ku shige ɗaki."

Washegari kowa a unguwa ya rantse a bayan gidansa abin ya faɗi. Mai shayi ya ce bayan makabarta ne. Wani baƙo da ya kwana a Wudil ya ce ai su a gonarsu suka ga ya sauka. Abin da ke damuna har yau shi ne, a cikinmu duka babu wanda ya duba agogo, babu wanda ya riƙe daga ina ya taso da inda ya mutu. Mun ga abin da mutum kan yi shekaru bai gani ba, muka bar shi ya zama hira. Shaidar irin wannan abu a mintuna biyar na farko ake kama ta, in sun wuce sai dai ƙiyasi. Ga yadda ake kama ta.

Da farko dai, me ka gani?

Muna cewa tauraro ya faɗi, amma taurarin da ke sama suna nan daram, domin kowannensu rana ce mai nisan gaske. Abin da ke gilmawa ɗan ɓarɓashin dutse ne ko ƙarfe da ke yawo a sararin samaniya, duniya ta ci karo da shi. Yana shigowa iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya. Wannan gudu shi ke matse iskar da ke gabansa har ta yi zafi ta narkar da shi, mu kuma mu ga haske. Yawanci hasken yana kamawa ne a tsayin kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Ƙananan da muke gani kullum, masu zuwa kamar an ƙyasta ashana, ba su fi ƙwayar gero ba. Wanda haskensa ya kai ko ya zarce na Zara matar wata, shi masana ke warewa su ba shi suna na daban, dunƙulen wuta, kuma shi ne ake son labarinsa.

A gidajenmu an saba cewa in tauraro ya faɗi wani babban mutum ya rasu. Wannan magana tsohuwa ce, Larabawan jahiliyya ma sun yi ta. A hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai abin da suke cewa a da in an yi jifa da tauraro, suka ce sukan ce an haifi wani babba ko wani babba ya mutu, sai ya bayyana musu cewa ba a jifa da shi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Alƙur'ani kuma ya ambaci shihabi, wato irin wannan haske da ake jifa da shi, a Suratul Hijr da Saffat da Jinn. Don haka ka yi tasbihi, ka kwantar da hankalin tsofaffi da yara, sannan ka kama aiki.

Mataki na farko: kalla, kada ka lalubi waya

Hannu yakan tafi aljihu da kansa. Ka hana shi. Abin ba ya wuce daƙiƙa 2 zuwa 5, da wuya ya kai 10, kafin ka buɗe kyamara ya gama. Ka bi shi da ido har inda ya mutu, kana ƙirga a zuci: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. Kowace ƙirga daƙiƙa guda ke nan. Kuma kada ka gusa daga inda kake tsaye. In a ƙasa kake, ja layi da ƙafa a gurbin sawunka. In a kan siminti ne, ajiye takalmi ɗaya a wurin. Duk awon da za ka yi nan gaba daga wannan gurbi za a yi shi.

Na biyu: agogo

Yanzu ciro wayar. Abu mafi sauri shi ne ka ɗauki hoton fuskar wayar, lokaci ya zauna har da minti. "Bayan isha" ko "wajen sha ɗaya" ba ya amfanar kowa, domin a dare ɗaya ana iya samun guda biyu ko uku a wurare daban-daban, kuma da minti ake gane cewa abin da ka gani a Kano shi ne wanda wani ya gani a Katsina. In dare ya raba, ka kula da kwanan wata: ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar, a takarda Asabar ce. Agogon Najeriya yana gaban agogon GMT da awa 1, ka rubuta cewa da lokacin gida ka yi aiki.

Na uku: nisanci taga, ka kasa kunne

Wannan mataki ne na tsare rai, shi ya sa zan daɗe a kansa. Haske yana isowa nan take, amma ƙara tafiyar hawainiya take yi in an gwada ta da shi: kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. In dutsen babba ne ya fashe a nisan kilomita 50 daga gare ka, sai bayan minti biyu da rabi za ka ji rugugin. A wannan tsakani mutane sun riga sun saki jiki.

Haka ta faru a Chelyabinsk ta ƙasar Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013. Wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sama da safe, haskensa ya fi na rana. Jama'a suka ruga tagogi don su ga me ya faru, can sai bugun iskar ya iso ya farfasa gilasai. Kimanin mutum 1,500 suka nemi magani, akasarinsu gilashi ne ya yanke su, ba dutse ba. Irin wannan girma ba kasafai ake samunsa ba, amma in ka ga hasken da ya mai da dare rana, ka janye yara daga jikin taga da ƙofar gilashi, ku dakata minti biyar cur.

Kana jira kana ƙirga. In ka ji rugugi kamar tsawa daga nesa alhali babu hadari, ko ƙara kamar an buga ganga sau biyu, duba daƙiƙa nawa suka wuce tun ganin hasken, ka raba uku. Abin da ya fita shi ne kusan nisan da ke tsakaninku a kilomita. Jin ƙara babbar alama ce cewa dutsen ya nutso ƙasa-ƙasa sosai, wataƙila wani abu ya tsira ya sauka. In ba ka ji komai ba, shi ma ka rubuta, rashin jin ma shaida ne.

Na huɗu: daga ina zuwa ina

Nan ne ainihin aikin. Koma kan gurbin sawunka. Wurare biyu ake so a sama: inda ka fara ganinsa da inda ya ɓace. Kowanne kuma tambaya biyu gare shi, wane ɓangare ne, kuma tsayinsa nawa daga ƙasa.

Ɓangare tukuna. Nemi abin da ba ya motsi: hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis, tankin ruwan maƙwabta, bishiyar darbejiya, ko Dutsen Dala in kana hango shi. Ka ce, ya fito ta saman tankin gidan Alhaji, ya mutu dab da hasumiya ta hannun dama. In wayarka tana da kamfas, ka nuna ta wurin ka rubuta lambar digirin, amma ka matsa daga jikin mota ko ƙofar ƙarfe don suna ruɗa shi. Akwai wani tarko da ya kamata Bakano ya sani: mun saba kiran alƙibla gabas, alhali alƙiblar Kano ta karkata zuwa arewa, tana wajen digiri 68 ne daga arewa, gabas ta gaskiya kuma 90 ce. Don haka in da masallaci ka yi kwatance, rubuta "saitin alƙibla", kada ka rubuta "gabas".

Tsayi kuma da hannu ake auna shi. Miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan a sama digiri 10 ne, ga babba ga yaro, domin mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Fara daga daidai saitin idonka, inda sama za ta haɗu da ƙasa da babu gine-gine, ka riƙa ɗora dunƙule kan dunƙule har ka kai wurin. Dunƙule tara ke kai ka tsakar ka. Gwada hakan sau ɗaya don ka daidaita hannunka, saboda kusan kowa yana zuzuta tsayi: abin da ke dunƙule huɗu sai mutum ya ce a saman kansa ya wuce.

In ka san taurari, sun fi komai. "Ya ratsa ta ƙarƙashin Kaza da 'Ya'yanta" ko "ya mutu dunƙule biyu hagu da wata" magana ce da masani zai mayar lissafi kai tsaye, tunda ya san inda suke a wannan minti.

Sai ka ɗauki hoton wurin daga inda kake tsaye, ko da duhu ne, ka sake ɗauka da safe, ka zana layin tafiyarsa a kan hoton da yatsa.

Na biyar: rubuta kafin ka yi hira

Kafin ka fita ƙofar gida, kafin ka shiga WhatsApp, rubuta ko ka naɗi muryarka. Da zarar ka ji wani ya ce ja ne, naka koren zai fara komawa ja. Ka faɗi launinsa, da ko ya canja. Launi yana da alaƙa da sinadaran dutsen da na iska da kuma gudunsa: sodiyam kan ba da ruwan ɗorawa, maganiziyam kan ba da kore mai shuɗi-shuɗi. Ka faɗi haskensa ta hanyar gwadawa: ya fi Zara? Ya kai jinjirin wata, ko watan daren sha huɗu? Ya yi inuwa a ƙasa? Ya tarwatse, gida nawa? Ya bar layin hayaƙi ko haske a bayansa, na tsawon wane lokaci? Wannan layi wani lokaci yakan yi mintuna yana lanƙwashewa, shi kam waya tana iya kama shi.

Abin da ba ka tabbatar ba ka ce ba ka tabbatar ba. Shaida gajeriya ta gaskiya ta fi doguwa mai ƙari.

Na shida: ka tabbata shi ne?

Jirgin da ke sauka filin Malam Aminu Kano yana da fitilu masu ƙyaftawa, ja da kore, kuma yana daɗewa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa haske ne fari tsayayye da ke ratsa sama a hankali cikin mintuna, ba jela. Jerin fitilu a layi kamar carbi, taurarin ɗan'adam ne na Starlink da ba a daɗe da harbawa ba. Tauraruwa mai wutsiya kuwa ba ta gudu a ido, kwanaki take yi ana ganinta. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne tarkacen roka ko tsohon tauraron ɗan'adam da ke dawowa: yana tafiya a kwance, a hankali, yana zubar da gutsattsari da yawa, yakan kai rabin minti ko fiye. Ƙirgar daƙiƙun nan da ka yi ita za ta raba gardama.

Na bakwai: nemo wasu idanun

Da gari ya waye, zaga wajen masu kyamarar tsaro: gidajen mai, manyan shaguna, makarantu, gidajen da ke da ita a ƙofa. Ka yi sallama ka yi bayani, ka ba su mintin, ka roƙi a duba. Ko kyamarar ƙasa take kallo, hasken da ya faɗo a tsakar wuri da yadda inuwa ta juya suna nuna hanyar da ya bi. Kada ka yi jinkiri, yawancin na'urorin suna goge tsohon hoto bayan 'yan kwanaki. Ka kuma gwada agogon na'urar da na wayarka, sau da yawa yana gaba ko baya.

Sannan ka kira 'yan'uwa na nesa. Abin da ke tsayin kilomita 100 ana hango shi daga ɗaruruwan kilomita, don haka mai yiwuwa an gan shi a Zariya, da Dutse, da Katsina, har Damagaram. Wannan shi ne sirrin "bayan gidanmu ya faɗi": ido ba shi da ma'aunin nisa a sama, in abu ya ɓace a bayan katangarka sai ka ɗauka nan ya sauka. Amma in kai a Kano ka gan shi ya mutu a arewa maso gabas, na Haɗeja kuma ya gan shi a yamma, inda layukanku suka haɗu a taswira nan ne ainihin wurin. Kada ka gaya musu naka kafin su faɗi nasu. Tambaya kawai: "Kawu, kuna waje jiya da dare? Me kuka gani, ta wane ɓangare?"

Na takwas: kai rahoto

Ƙungiyar International Meteor Organization da American Meteor Society suna da fom a intanet na karɓar rahoton dunƙulen wuta daga ko'ina a duniya, kyauta. Za a nuna maka taswira ka sa alama a inda ka tsaya, ka juya kibiya zuwa inda ya fara da inda ya ƙare, ka cika sauran abin da ka riga ka rubuta. Kwamfuta ce ke haɗa rahotannin mutane ta fitar da hanyarsa. In ka duba taswirarsu za ka ga Turai da Amurka cike da alamomi, yankinmu kuwa kusan fayau, alhali samaniyar ɗaya ce. Wannan yana ci mini rai, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya gani ya daure ya cika. A gida kuma akwai hukumar NASRDA a Abuja mai kula da harkar sararin samaniya, ga kuma malaman kimiyya a Jami'ar Bayero.

In an ce ga dutsen

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan abu ba ce. Ranar 25 ga Afrilun 1971 duwatsu sun faɗo a Kabo, nan cikin jihar Kano, nauyinsu ya haura kilo 13. A Gujba ta jihar Yobe an samu a 1984, a Kilabo wajen Haɗeja a 2002. Mafi shahara shi ne na Zagami a ƙasar Katsina: ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Sunan wannan ƙauye yau yana cikin littattafan kimiyya na duniya.

Dutsen da zai iso ƙasa yakan daina haske tun yana sama da nisa, ya ƙarasa faɗowa cikin duhu, don haka ba ya zuwa yana ci da wuta, kuma ba guba gare shi ba. Sabon faɗowa yana da siririn ɓawo baƙi kamar an babbake shi, cikinsa kuma sau da yawa toka-toka ne kamar siminti. Ya fi dutsen gida nauyi a hannu, gefunansa a goge, wani da 'yan lotsa kamar an danna yatsa a cikin tuwo. In ka ga ramuka-ramuka irin na kumfa, kashin maƙera ne. Ja mai tsatsa kuma marmara ce, wadda ta cika ƙasar Kano. Gatarin aradu da ake tsinta a gona shi ma ba daga sama yake ba, makamin dutse ne da mutanen zamanin baya suka wasa da hannunsu.

Kafin a taɓa shi, a ɗauki hotonsa a inda yake, da biro ko takalmi a gefe don a ga girmansa, a kuma ɗauki lambar wurin da taswirar waya. A ɗauke shi da leda mai tsabta ko takardar alminiyam. Kada a wanke, kada a shafa mai, kada a fasa don a ga ciki ko a rarraba don magani. Mutane suna son manna masa maganaɗisu, kuma gaskiya yawancinsu suna kamawa, amma maganaɗisu mai ƙarfi yana goge wani tarihi da ke cikin dutsen wanda masana ke karantawa, gara a bar musu gwajin. In a gonar wani ya faɗi, da izininsa ake shiga, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci.

'Yan saye za su zo, da sauri ma. A 2025 an yi gwanjon wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas, aka sayar da shi sama da dala miliyan 5 a New York, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Irin wannan tsada ta 'yan ƙalilan ce, yawancinsu ba su kai ko kusa ba. Shawarata ita ce kada a rabu da shi sai masana ilimin duwatsu na jami'a ko na hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa sun gani, sun rubuta, an ajiye wani yanki a gida.

In kana so ka fita nema da gangan

Dunƙulen wuta ba ya sallama, amma akwai dararen da duniya ke ratsa ƙurar da taurari masu wutsiya suka bari, gilmawar ta yawaita. Na 12 da 13 ga Agusta ya shahara a duniya, sai dai mu lokacin tsakiyar damina ne, hadari kan rufe. Namu shi ne bayan ɗaukewar ruwa: wajen 21 ga Oktoba akwai ragowar tauraruwar Halley, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba kuma akwai wanda ake kira Taurids, ba shi da yawa amma an san shi da manya masu haske. Gagarabadau shi ne Geminids, daren 13 zuwa 14 ga Disamba, in ƙurar hunturu ta yi sauƙi. Ka duba kwanan watan Musulunci tukuna: in daren ya faɗo tsakanin 11 da 18 ga wata, farin wata zai cinye ƙananan.

Fitilun cikin birni suna kashe kallo, don haka in da hali a fita gefen gari, wajen 'yan'uwa a ƙauye ta hanyar Gezawa ko Dawakin Kudu, cikin jama'a, inda aka san ka. Ba a buƙatar tabarau mai hangen nesa, yana ma rage faɗin abin da za ka gani. Tabarma, bargo, hular sanyi, da shayi a flas. Kwanta rigingine, ka kife wayar, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Bayan tsakar dare zuwa asuba ya fi yawa. Ku raba sama, kowa ya ɗauki ɓangarensa, mutum ɗaya kuma ya riƙe agogo da biro da takarda, wanda duk ya gani ya ce "ga shi!" shi kuma ya rubuta mintin.